Wasiƙa daga Bonn: shuɗin fasfo da doguwar jelarsa

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa, manya da yara, da fatan hunturu ya zo da sauƙi. Gaisuwar ke nan, a yi mini uzuri, bakina cike yake da magana.

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da muka taso daga New York muka tare a Jamus, kuma har yau duk wanda ya kira ni sai ya ce, "Wai Yaya, me ya kore ku daga Amurka?" Ba wanda ya kore mu. Aiki aka ba maigidana a Bonn, garin nan da kuke jin sunansa a rediyo, tsohon babban birnin Jamus ta Yamma. Shi haifaffen jihar Ohio ne. Ni a Kano aka yanke mini cibi, na daɗe a unguwar Bronx kafin in yi rantsuwar zama 'yar ƙasa. A takarda dai mu biyun Amurkawa ne, ko da yake a nan shi da ya buɗe baki an yarda, ni kuwa sai an ƙara da, "To, amma asali fa?" Na yi niyyar ba ku labarin abinci da makarantar yara da maƙwabta da sanyi. Bari mu ga.

Bajamushe da takarda kamar Bakano da kasuwa ne. Ka shiga gida, doka ta ba ka kwana 14 ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshinka, da shaidar mai gidan a hannu. In ba ka yi ba, sauran ƙofofi ba sa buɗuwa. Gidan da muka kama kuwa ba kicin. Ɗakin yana nan, amma ba murhu, ba wurin wanke-wanke, ba kabad ko ɗaya, sai bakin famfo a bango. Wanda ya tashi ya kwashe abinsa ya tafi. Abban yara ya tsaya riƙe da ƙugu, ni kuwa dariya ta kama ni, na ce masa ai wannan jere ne, a garinmu ma amarya da kayanta take zuwa. Muka ajiye kuɗin hayar wata uku na jingina, sannan wasiƙa ta iso cewa kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko kana da akwatin ko ba ka da shi.

Duk wannan mai sauƙi ne, domin ƙasar da kake kwana a cikinta ce take tambayarka. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙasar da muka baro.

Amurka tana bin ɗan ƙasarta haraji duk inda yake zaune a duniya. Sauran ƙasashe inda kake zaune suke dubawa, ita kuwa fasfonka take dubawa, kuma in ka cire Eritriya da wuya ka sami wadda ke yin haka. Saboda haka kowace shekara sau biyu muke cike takardun haraji, ɗaya na Jamus, ɗaya na Amurka. Rangwamen da aka yi wa mazauna waje shi ne maimakon 15 ga Afrilu, an ɗaga mana zuwa 15 ga Yuni. Gaskiya kam, yawanci ba a bin mu ko sisi, don akan cire abin da muka biya a nan, kuma harajin Jamus ya fi nauyi. Amma sai ka cike takardar kafin a ce ba a bin ka komai, kuma mai lissafin da ya san dokokin ƙasashen biyu ba don Allah yake yi ba. Wato muna biyan kuɗi ne don mu tabbatar ba a bin mu kuɗi.

Akwai kuma wata takarda daban da ake kira FBAR. In duk kuɗin da ke asusunka na wajen Amurka, a haɗe, suka haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, sai ka lissafa kowane asusu: sunan banki, lamba, da mafi yawan abin da ya taɓa zama a ciki. Ranar da mai lissafin ta tambaye ni ko ina da wani asusu, na ce a'a. Sai da dare ina kwance na tuna da wanda na buɗe a Kano, wanda nake turo wa Hajiya kuɗin magani ta cikinsa. Shi ma asusun waje ne a wurinsu. Washegari na kira ƙanina ya je ya karɓo mini bayanan shekara guda, yana ta tsokanata wai Amurka ta rasa abin bincike sai 'yan nairorin Hajiya.

Sannan ga dokar FATCA ta 2010, wadda ta ɗora wa bankunan duniya kai rahoton Amurkawan da ke ajiya a wurinsu. Asusun albashi mun samu, bayan ƙarin fom. Da muka je wani banki za mu buɗe wa yara asusun zuba jari, ma'aikaciyar tana ta fara'a har ta ga launin fasfo. Ta rufe fayil a hankali ta ce ba sa yi wa Amurkawa. Fasfon da na yi kukan murna ranar da na karɓa, shi aka turo mini ta kan tebur da yatsa biyu.

Ina jin masu cewa to a ajiye shi mana, wato a bar zama ɗan ƙasar. A 2014 an mayar da kuɗin ajiyewar dala 2,350, kuma lissafin haraji bai ƙarewa sai an ga takardun shekara biyar. Boris Johnson ma, tsohon firaministan Birtaniya, da aka haifa a New York aka bar Amurka da shi yana yaro, sai da aka bi shi harajin gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye nasa. Ni ban ajiye ba, ba ni da niyya. Ina faɗa ne saboda ƙawayena biyu da suka tambaye ni yadda ake zuwa haihuwa Amurka. Yaron da aka haifa can aka dawo da shi Kaduna, ya girma ya kama sana'a, wannan lissafin yana jiran sa, ko bai taɓa komawa ba. A adana masa takardunsa wuri ɗaya, a kuma gaya masa tun kafin banki ya gaya masa.

Lasin tuƙi ma da abin dariya. Na maigida na Ohio ne, aka musanya masa ba jarrabawa. Nawa na New York ne, bayan wata shida ya daina aiki, sai na sake zama jarrabawa kamar 'yar koyo. Ƙasa ɗaya, gida ɗaya.

Sanyi? A Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen takwas da rabi, kafin huɗu da rabi ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu, kafin ka naɗe darduma wata ta kawo kai. Ran Lahadi shaguna a rufe, wanda ya manta albasa ran Asabar ya ci miyarsa haka. Maƙwabciyarmu ta sama tsohuwa ce, ba ta taɓa yi mini murmushi ba, amma ita ta koya mini raba shara kashi-kashi, kuma ita ke karɓar mana saƙo in ba ma nan.

Labarin makaranta sai wata wasiƙar. Duk mai tahowa ya riƙo mini daddawa da kuka, amma ban da kilishi, ba a shigowa da nama Turai, a filin jirgi za a karɓe.

'Yar'uwarku a Bonn.