Gora da homa a tsakiyar dandali

Lokacin da aka ba ni aikin ƙera abin ado a wani dandali a Argungu, zanen da na fara kai wa kwamiti na masunci ne a tsaye, ya saɓo giwan ruwa a kafaɗa. Ban gama bayani ba wani dattijo ya ture takardar, ya ce, "Malam, ba za mu kafa gunki a kan hanyar masallaci ba." Abin ya sosa mini rai, domin mako uku na yi ina wannan zane, amma gaskiya ya faɗa, tun da yake abin da jama'a za su riƙa kawar da kai idan sun zo wucewa bai cancanci tsakiyar garinsu ba.

Na je Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da Yakubu Nabame ya gina a 1831, daga nan na gangara bakin kogin Matan Fada, inda na yanke shawarar cire mutum in bar kayan aikinsa, wato gora da homa, ragar kamun kifi ta hannu. Duk Bakabe ya san cewa bikin kamun kifi ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, saboda haka waɗannan kaya biyu sana'a suke nunawa, zaman lafiya kuma suke tunatarwa.

Na riga na walda rodi na naɗe shi da waya, ana shirin shafa siminti, sai wani tsohon masunci ya tsaya ya ƙare wa aikin kallo. "Yaro," in ji shi, "wannan gorar taka ta shan ruwa ce." Ya zana mini a ƙasa da sandarsa yadda ta masunta take da faɗin baki, domin a kanta ake kifa ciki a yi iyo, a cikinta kuma ake jefa kifi. Ya ƙara da cewa homa biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu. Na ce, "Baba, na gode," muka yanke rodin muka sake.

Da hunturu muka yi shafe, sai da muka lulluɓe simintin da jiƙaƙƙun buhuna don kada iska ta tsattsaga shi. Damina ce ban yi wa tanadi ba. Ruwan farko ya cika gorar fal, sauro ya samu gida, dole na koma da tsani na huda mata gindi.