Kannena masu son hada wuta da lemon tsami, ku ji abin da ya same ni

Ina SS2 a nan Jos na ga wani bidiyo wai an soka caja a cikin lemo waya ta dauki caji, lokacin mun kwana uku ba wuta a unguwarmu, ban tambayi kowa ba na fasa asusuna na tafi Farin Gada na ciko leda da lemon tsami, na dawo na yanke wayar cajar yayata. Wallahi har yau wannan ne yake min ciwo, ita kenan gare ta kuma ko uffan ba ta ce min ba.

Kusa biyu iri daya na fara sokawa, shiru. Ashe dole sai karfe biyu daban, kusar rufin kwano mai zinc a gefe daya, jan karfen cikin wayar wuta a daya gefen, kuma kar su hadu a ciki. Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya dora min mitar auna wuta ya ce "yaro duba da idonka", lemo daya volt 0.9 ne kawai. Caja volt 5 take ba waya, kuma ko ka jera guda shida volt din ya kai, wutar da take gudana ba ta wuce milliamp 1 haka ba, waya kuwa daruruwa take nema. Wannan fa shi ne masu bidiyon ba sa fada.

Dattijon ne ya ganar da ni cewa wutar ma ba ta lemon ba ce, zinc din ne yake cinyewa a hankali, ruwan tsamin hanya ce kawai. Shi ya sa dankalin Bokkos ma yana yi, batirin farko da Volta ya hada a Italiya a 1800 ma ruwan gishiri ya sa.

Don Allah in za ku gwada guda hudu sun isa kunna karamin kwan fitila. Ku murza su a kan tebur su yi ruwa, ku hada jan karfen wannan da kusar na gaba har karshe, ku nemi karamin kwan LED ja, doguwar kafarsa ta bangaren jan karfe, ni kwana biyu na bata don na juya ta. Ku ari mita kafin ku kashe ko sisi, kar ku taba cajar kowa, kuma lemon da aka soka wa karfe a zubar, kar kananan yara su sha.

Nawa ya kama ne da daddare bayan na rufe kofa, dan ja kamar garwashi, yayata na fara kira ta zo ta gani.