Hajar da nake sayarwa tana da fiffike

Idan aka tambaye ni sana'ata na ce kiwon ƙwari, sai an sake tambaya. Ɗaki biyu gare ni a bayan gida nan Maradi. Ɗaya robobi ne cike da garin hatsi, tsutsar ƙwaron shinkafa na girma a ciki. Ɗayan na ɗan zanzaron nan ne da malaman INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, reshen Tarna, suka daɗe suna aiki a kansa, sunansa a takarda Habrobracon hebetor, a kan waccan tsutsar nake kiwonsa. Bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba ya harbin mutum, amma shi ne abokin gābar murzuna.

Duk manomin hatsi ya san murzuna. Uwar takan fito daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shuka, ta zuba ƙwai a kan zangarniya tun tana fitowa. Tsutsar ta shige ciki tana yanka tana zagayawa, sai ka ga zangarniya da zane kamar an naɗa mata igiya, ka murza ka sami ƙaiƙayi. Feshi ba ya cika kai mata, don a ɓoye take. Macen zanzaron kuwa har can take bin ta, ta harbe ta ta sandare, ta sa mata ƙwai a jiki, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta.

Aikinmu shi ne ɗura ƙananan jakunkuna na algarara: ɗan hatsi da gari, tsutsar ƙwaron shinkafa 25, matan zanzaro biyu da suka riga suka haɗu da maza. Jaka 15 muke kai wa gari guda, uku a tsakiyar gonaki, uku uku gabas da yamma, kudu da arewa, a rataye a inuwa inda ruwa ba zai jiƙa su ba. Bayan kwana takwas zuwa goma sabbi su fara fita ta ƙofofin buhun, su bazu.

Wahalar kiwon ita ce bazara. Wata shekara zafin watan Afrilu da cinnaka suka haɗu suka kusa share mini ɗaki ɗaya. Tun daga nan ƙafar kowane tebur a cikin gwangwanin ruwa take, kuma kullum da asuba nake leƙawa.

Amma abin da ya fi kiwon wuya shi ne ciniki. Zanzaro bai san iyakar gona ba. Wanda ya biya da wanda bai biya ba, duk zai shiga gonarsu. Shi ya sa ba na sayar wa mutum ɗaya, sai gari ko ƙungiya. Wani maigari wajen Gidan Rumji ya ce mini, "Ɗana, in maƙwabcina zai ci arziki kyauta, wa zai fara fidda kuɗinsa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi karo-karo kamar na gyaran rijiya." Haka aka yi, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Sharaɗina ɗaya ne, kada a bi bayan jakunkuna da feshin guba a waken da ke tsakanin hatsi, sai an duba an ga ɓarnar ta kai.  In dole ce, ruwan 'ya'yan dogon yaro nake ba da shawara, da yamma lis. Raina yana ɓaci in ga manomi ya sayi gubar da ba ta da ko takarda a kasuwa, ya kashe abin da ke yi masa aiki, ya kuma shaƙa.

Yanzu hatsin fari ya fara bunni wajen Madarumfa da Tibiri. Jibi in Allah ya kai mu za mu ɗaure jakunkunan gari huɗu a babur, mu fita tun rana ba ta yi zafi ba.