Daga zafin Pentium 4 zuwa lissafin man janareta

Sana'ata harhaɗa kwamfutocin tebur da gyaransu a Kano, galibinsu na gwanjo, ina sayar wa masu shagunan buga takardu da cibiyoyin jarrabawar JAMB. Yau mai saye tambayarsa ɗaya ce: "Maigida, i7 ce?" Ita i7 ajin furosesa ce ta Intel, furosesa kuwa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. A da kuwa gigahaz, ma'aunin saurin agogonta, ake tambaya. Ni abin da nake fara dubawa shi ne wat nawa furosesar take ci, don duk wutar da ta sha zafi take komawa.

Kamfanin Intel da kansa sai da ya ɗanɗana wannan. A 2000 ya fitar da Pentium 4 da nufin tsere wa kowa a saurin agogo. Dabarar ita ce a yanyanka aikin kowane umarni zuwa ƙananan matakai masu yawa, har samfurin Prescott na 2004 ya kai matakai 31. To amma furosesa hasashe take yi kan inda manhaja za ta nufa, in ta kuskure sai ta zubar da duk abin da ke kan layi ta sake ɗaukowa daga farko. Dogon layi, babbar asara ke nan. Pentium 4 ta cije a gigahaz 3.8, wasu na cin wat 115, aka soke mai gigahaz 4 ɗin da aka yi alkawari. Waɗanda suka riski wannan zamani ba za su manta da kukan fankarta a watan Afrilu ba.

A lokacin kamfanin AMD, abokin hamayyar Intel, ya riga ya fito da furosesar Athlon 64 tun 2003. Agogonta bai kai ba, amma aikin da take gamawa a kowane bugu ya fi yawa, kuma mai sarrafa RAM yana cikin jikinta. Dole Intel ya koma wa tsarin Pentium M na laftof, wanda injiniyoyinsa na Haifa a Isra'ila suka zana, ya fitar da Core 2 Duo a 2006. Samfurin E6600, gigahaz 2.4 da wat 65, ya bar Pentium 4 a baya.

Shi ya sa nake ja da kwastoma a kan sunan i7. Wadda aka yi a 2011 ma i7 ce, kuma sabuwar i3 tana iya kayar da ita. Ga shi Windows 11 a hukumance galibi sai daga zubi na 8 na furosesocin Intel take karɓa. Wanda zai jera injuna ɗari a zaure, kan janareta ko sola, ƙaramar Dell OptiPlex mai i5 nake ba shi, in kuma ce ya riƙa kawo ta bayan hunturu a busa mata ƙura a sake shafa wa furosesa man da ke taimaka mata fitar da zafi.

Mai haɗa sabuwa kuwa nakan karkata da shi wajen soket ɗin AM4 na AMD, wato gurbin da furosesa ke zama a kan bod, wanda ya ɗauki furosesocin Ryzen daga na 2017 har zuwa jerin 5000. In kuɗi suka zo, sau da yawa furosesa kaɗai zai canza, bod ɗin na nan.