Yammacin Asabar a filin Jingu

Da la'asar sakaliya na sauka a tashar Gaienmae, na tarar da dattijon da muke aiki tare a ɗakin bincike yana jirana, tikiti a hannu, ga 'yar lemar roba a hammata. Ya daɗe yana min naci wai sai na ga Jingu, filin besbol na birnin Tokyo, kafin a rushe shi.

Besbol ba wasana ba ne, dokokinsa har yau rikita ni suke. Filin kuwa ya tsufa, ba ƙarya. Tun 1926 yake tsaye, shekara biyu kacal Koshien, wani tsohon filin besbol na Japan, ya ba shi. Kujerun a matse suke, gwiwata na tokarar bayan na gabana, hanyoyin ciki kuma cunkoso kamar kasuwar Kurmi ana gobe Sallah. 'Yan mata na ta hawa da sauka da tankin giya a goye, ni dai shayi mai sanyi na saya.

Swallows, ƙungiyar da ke wasa a gida, na cin maki sai lemomi suka buɗe ko'ina, kore, shuɗi, ruwan hoda, ana ɗaga su sama ana waƙa. Mutumin da ko murmushi sai an roƙa a wajen aiki, sai ga shi yana tsalle. Da ya zauna yana haki ya nuna min can gefen da mahaifinsa ke ajiye shi yana yaro, lokacin ƙungiyar ba ta jima da dawowa nan ba, a 1964. Ya ce Babe Ruth, shahararren ɗan besbol na Amurka, ya taka wannan fili a 1934. A nan ma Murakami Munetaka, ɗan wasan Swallows a lokacin, ya doka ƙwallonsa ta 56 waje a kakar wasa ɗaya a Oktoban 2022, ya haura 55 ɗin da tsohon gwani Oh Sadaharu ya taɓa yi. Kuma har gobe ɗaliban jami'o'in Tokyo shida kan buga da rana, ƙwararru su karɓi fili da dare.

Shirin dai shi ne a yi musayar wuri da filin rugbi na Chichibunomiya da ke maƙwabtaka, a haɗa da otal da dogayen benaye, da farko an ce za a kammala wajen 2036. ICOMOS, ƙungiyar duniya mai kare wuraren tarihi, ta yi gargaɗi kan shirin a 2023, mawaƙi Sakamoto Ryuichi ma ya rubuta wa gwamnar Tokyo Koike wasiƙa daf da rasuwarsa, duk da haka aka fara sare itatuwa a Oktoban 2024. Masu aikin sun ce ginin ya gaji, na yarda. Abin da ban gane ba, Koshien ya girme shi amma gyara aka yi masa, ba a kai shi ƙasa ba.

Swallows dai ta sha kashi. A hanyar tasha dattijon ya ce in shirya, karawar jami'o'in Waseda da Keio ta kaka ba ta wuce mu, kuma wannan karon ni zan sayi tikiti.