Wasiƙa Daga Ingila: Hanyar da ta Ratsa Gonar Mutane

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina fata kowa lafiya, ya shirin damina? Tambayar da kuka fi yi mini ita ce, in an ba da hutu a ƙasar nan ina muke zuwa, tunda ba dangi ba biki. Wasu kuma kuɗin haya da abinci suke son ji. Zan taɓo su, amma bari in fara da hutun ƙarshen watan Mayu, wanda ake haɗa Asabar da Lahadi da Litinin.

Na bi wata ƙungiyar masu tattaki ta unguwarmu a Middlesbrough, mu 14, yawancinsu dattawa 'yan fansho. Ranar Asabar muka tashi daga garin Whitby, muka hau matakala 199 zuwa kangon tsohon wurin ibadar da ke kan tudu, muka kama bakin teku har ƙauyen Robin Hood's Bay, wajen kilomita 10. Teku na hagu, can ƙasa, iska mai sanyi tana ratsa riga uku. Hanyar wani yanki ce na Cleveland Way, doguwar hanyar masu tattaki da aka buɗe a 1969.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hanyar nan ta cikin gonakin mutane take bi. Ka zo shinge, sai ka tarar da 'yar ƙofa ko matakalar katako da aka yi don ka tsallake, ga kibiya ruwan ɗorawa tana nuna maka gaba. Tumaki da 'ya'yansu na kiwo, mai gona na kan tarakta, ya ɗaga mana hannu. Na tsaya ina jiran a nemi izini. Wata dattijuwa ta mayar da ƙofar ta rufe a hankali, ta ce mini haƙƙin kowa ne, yana cikin taswirar hukuma. Ko manomi ya nome hanyar da ta ratsa tsakiyar gonarsa, doka ta ba shi kwana 14 ya mayar da ita. Kuma ba a banza aka samu ba. A 1932 ɗaruruwan mutane suka hau dutsen Kinder Scout ba da yardar masu filin ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 2000 aka yi dokar da ta buɗe wa jama'a duwatsu da fili irin wannan.

Nan take burtalin garinmu ya faɗo mini. Ina yaro shanu na wucewa a yalwace, yanzu kowace damina sai an ci taku ɗaya ko biyu an shuka gero, har ya zama ko jaki da kaya da ƙyar. Da mai unguwa da ardo da manoma za su taka shi tare kafin shuka, a kafa alama, a rubuta, da rigima da yawa ba ta tashi ba.

Lahadi muka hau dutsen Roseberry Topping, tsayinsa mita 320 kacal, amma gwiwa ta san an hau. Da azahar ta yi na shimfiɗa rigar ruwata a kan ciyawa, suka zauna nesa kaɗan suna shan shayi daga fulas har na idar. Da dare aka ci soyayyen kifi da dankali, ana ta hira, magariba kuwa sai bayan ƙarfe tara.

Haya dai tana da tsada ƙwarai, zan kawo muku lissafinta a wasiƙa ta gaba. A gaishe mini da mutanen gida, a kuma gaya mini ko ruwan shuka ya sauka.