Abin da ke tsare na'ura daga wutar layi

Aikin shagonmu a Maraɗi shi ne jan wayar gida da gyaran kayan kuran: firigo, kilim, talabijin, injin walda. Mafi yawan abin da ake kawo mana a ƙone, ba wutar Nijelek kaɗai ta ci shi ba. An riga an taɓa abin da ke tsaronsa.

Dijontar da ke cikin akwatin bango, wato maɓallin da ke faɗuwa ya yanke wuta in ta yi yawa, waya take karewa, shi ya sa da kaurin waya ake zaɓen ta. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ba ta wuce amfiya 16 (awon yawan kuran da ke bi ta cikinta), mai 2.5 amfiya 20, mai 6 kuwa 32. In dijontar ta cika faɗuwa, sai maigida ya ce a sa babba. Ka ɗora mai 32 a kan waya 1.5, wayar ce za ta yi zafi har robarta ta narke cikin rufi, dijontar tana nan tsaye. Da bazara ma sai an yi mata uzuri: a kan zafin digiri 30 ake saita ta, mu kuma Afrilu da Mayu muna haura 40, dole ta faɗi da wuri. Raba layin biyu, kada a ƙara girmanta.

Fiyus na cikin na'ura kuwa, karanta rubutun da ke bakin ƙarfensa kafin ka sauya. T2AH250V na nufin amfiya 2, bolt 250. T mai jinkiri ne, yana jure fizgar farko lokacin kunnawa. F nan take yake tsinkewa. H farin tangaran ne mai yashi a ciki, yana iya katse amfiya 1500, alhali na gilashi mai L wajen 35 ne iyakarsa. Sa na gilashi a gurbin na tangaran, ranar da waya ta haɗu sai ya tarwatse. In ka ga cikin gilashin ya yi baƙi ƙirin, akwai abin da ya haɗe a gaba. Auna diyod huɗun da ke mai da wutar layi ta bi hanya ɗaya, da baristo mai shanye hauhawar wuta tukuna, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Masu naɗa takardar sigari ko zaren tagulla, Allah Ya shirye su. Kuma a kan waya mai wuta ake sa fiyus. In yana kan nutur, wato wayar da kuran ke komawa ta kanta, ya tsinke amma cikin na'urar na nan da kuran.

Kayan da ke shigowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa suna zuwa da kai mai ƙafa uku irin na Ingila, da fiyus a cikinsa, amfiya 3 zuwa 13. Mutane kan yanke shi su ɗaura mai ƙafa biyu, fiyus ya tafi, wayar ƙasa mai kore da rawaya ta zauna a reto. Ranar da kuran ya taɓa jikin firigo, hannun mai buɗewa ne hanyarsa.

Nan ne aikin difaranshiyal mai miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. A danna maɓallin gwajinsa duk wata. Sandar ƙasa, wadda ake haɗa wayar ƙasa da ita, mai mita 2 muke kafawa, kada awon turjiyarta ga kuran ya wuce om 100. Rairayinmu busasshe ne, don haka da rani muke aunawa. Awon damina yaudara ne. In sanda ɗaya ba ta kai ba, a ƙara ta biyu nesa da ita kamar mita 4, a haɗe su da tagulla.